Girgizar ƙasa: yadda injiniyoyi ke ƙiyasta nisan da gangare zai zame

A daren Juma'a 8 ga watan Satumba na 2023, jim kaɗan bayan ƙarfe 11, girgizar ƙasa mai maki 6.8 ta afka wa lardin Al Haouz da ke cikin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da birnin Marakesh. Mutane kusan dubu 3 ne suka rasa rayukansu, akasarinsu gidajen laka da na dutse ne suka rufta musu. Wani abin da ya ƙara wa bala'in nauyi shi ne duwatsu da ƙasa da suka gangaro daga tsaunuka suka toshe hanyoyi, ciki har da wadda ke bi ta mashigin Tizi n'Test. Sai da masu aikin ceto suka fara share hanya kafin su kai ga wasu ƙauyuka, alhali waɗanda suka ji rauni suna can suna jira.

Duk inda aka yanka hanya a gefen tsauni, ko aka jibge ƙasa aka yi baraji don tare ruwa, ko aka kafa unguwa a gindin tudu, akwai tambayar da injiniya ba ya iya kauce mata: idan ƙasa ta girgiza, wannan gangaren zai motsa? In zai motsa, santimita nawa, ko mita nawa? Santimita biyar na nufin tsagewar da za a cike a ci gaba da aiki. Mita biyar a jikin baraji na iya nufin ambaliyar da za ta share gari. Shekaru 60 ke nan masana ke amfani da wata dabara mai sauƙin fahimta wajen ƙiyasta wannan nisa.

Ɓarnar da zaftarewar ƙasa ke yi

A ranar 31 ga watan Mayu na 1970, girgiza mai maki 7.9 ta ɓalle wani ɓangare na ƙanƙara da duwatsu daga tsaunin Huascarán a ƙasar Peru. Cikin ƴan mintoci tarkacen ya binne garin Yungay da dubban mazaunansa. A ranar 13 ga watan Janairu na 2001, a ƙasar El Salvador, gefen wani tudu ya zame ya faɗa wa unguwar Las Colinas da ke birnin Santa Tecla, inda mutane fiye da 500 suka mutu a wuri guda. A lardin Sichuan na ƙasar Sin kuwa, girgizar 12 ga watan Mayu na 2008 ta bar kusan mutum dubu 87 tsakanin matattu da waɗanda suka ɓace, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin dubu 20 daga ciki zaftarewar ƙasa ce ta halaka su. Wata zaftarewar ta datse kogi a Tangjiashan ta haifar da tabki, har sai da aka kwashe mutane fiye da dubu 200 daga garuruwan da ke ƙasa da shi don gudun kar ya ɓalle.

A 1984, David Keefer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ya wallafa nazarin girgizar ƙasa 40 daga sassa daban-daban na duniya. Ya gano cewa daga maki 4 ne duwatsu ke fara faɗowa daga gangare mai tsayi, kuma girgiza mai maki 9.2 na iya haddasa zaftarewa a yankin da ya kai murabba'in kilomita dubu 500, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijar.

Me ke riƙe gangare a wurinsa?

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a jikin kowane gangare. Na farko nauyin ƙasa da duwatsu, wanda kullum ke jansu zuwa gindin tudu. Na biyu ƙarfin riƙo, wanda ke fitowa daga cizon da ƙwayoyin yashi da tsakuwa ke yi wa juna, da kuma danƙon laka. Injiniyoyi kan raba ƙarfin riƙo da ƙarfin ja, su samu lamba ɗaya da suke kira ma'aunin aminci. Idan lambar ta kai 1.5, riƙo ya fi ja da rabi, gangaren yana da rara. Idan ta sauko zuwa 1, rarar ta ƙare, ƙiris ya rage ya zame. A yawancin ayyukan baraji da hanyoyi, ana neman ma'aunin aminci ya kai wajen 1.5 a lokacin da ba girgiza.

Ruwa shi ne babban mai cin wannan rara. Idan ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, yakan ɗauke wani ɓangare na nauyin da ke danne su, cizon ya ragu. Haƙa a gindin tudu ma yana rage ta, haka nan ɗora gini mai nauyi a samansa.

Girgizar ƙasa takan ƙara wani ƙarfi na uku: fizga. Ƙasa na tafiya gaba ta dawo baya sau da yawa cikin sakan guda, duk abin da ke kanta kuma yana jin fizgar. Ana auna ƙarfin fizga ta hanyar kwatanta shi da jan da duniya ke yi wa kowane abu mai faɗowa, wanda masana ke rubutawa da harafin g. Abin da aka saki daga sama saurinsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Wannan shi ne g ɗaya. Fizga mai 0.1 g na nufin ana tura abu ta gefe da ƙarfin da ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Kusa da cibiyar babbar girgiza, na'urori kan auna 0.3 g zuwa 0.8 g, wani lokaci ma fiye da g ɗaya.

Tsohon lissafi da gibinsa

Da farko injiniyoyi sun ɗauki fizgar tamkar wani hannu da ke tura gangare zuwa waje ba tare da tsayawa ba. Sai su ƙara wannan turi cikin lissafi, su duba ko ma'aunin aminci ya tsaya sama da 1. A 1950, Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka a matsayin uban kimiyyar ƙarfin ƙasa, ya ba da shawarar amfani da 0.1 don girgiza mai tsanani, 0.2 don mai ɓarna, da 0.5 don mafi muni. Har yau ana amfani da wannan hanya saboda sauƙinta.

Gibinta shi ne amsa biyu kawai take bayarwa: gangaren zai tsaya, ko zai faɗi. Alhali fizgar girgiza ba ta daɗewa a gefe guda. Takan yi rubu'in sakan tana turi, sannan ta juya. Ma'aunin aminci na iya faɗuwa ƙasa da 1 na ɗan ƙiftawar ido, ƙasar ta ɗan zame, ta sake cijewa ta tsaya. Wanda ya ce lalle sai ma'aunin ya zauna sama da 1 ko a lokacin fizga mafi ƙarfi, zai gina barajin da kuɗinsa ya fi ƙarfin kowace gwamnati. Wanda ya zaɓi ƙaramar lamba don rage kuɗi kuwa, bai san abin da zai faru ba idan girgizar ta wuce lambarsa.

Dabarar Newmark

A 1965, Nathan Newmark, farfesa a jami'ar Illinois ta Amurka, ya gabatar da wata babbar lacca a birnin Landan a kan illar girgizar ƙasa ga baraji da jibgin ƙasa. Newmark ba baƙo ba ne a wannan fage: yana cikin waɗanda suka tsara dogon benen Torre Latinoamericana na birnin Meziko, wanda ya tsallake girgizar 1957 ba tare da wata ɓarna ba. Abin da ya kawo a laccar shi ne a daina tsayawa kan tambayar ko gangare zai motsa, a lissafa yawan motsin, sannan a duba ko ginin zai iya jure shi.

Duk wanda ya taɓa bin amalanke ya ga wannan dabara da idonsa. A ce an ɗora buhun hatsi a kan amalanken da ya ɗan karkata baya, ba a ɗaure shi ba. Muddin jaki na tafiya a hankali, buhun na nan zaune. Idan jakin ya zabura, buhun ya ɗan zame baya kamar taƙi guda, sannan ya tsaya. Ƙananan fizga ba sa motsa shi ko kaɗan. Sai wadda ta wuce wani mizani. Kuma buhun ba ya komawa sama da kansa, don haka kowace zabura tana ƙara a kan ta baya. Ko buhun zai faɗo kafin a kai kasuwa, ya dogara ga abu uku: ƙarfin kowace zabura, daɗewarta, da yawansu.

Newmark ya ɗauki ƙasar da za ta zame a matsayin buhun, tudun da ke ƙarƙashinta kuma a matsayin amalanken. Mizanin da fizga za ta wuce kafin zamewa ta fara shi ne fizgar iyaka, kuma kowane gangare da tasa. Ga gangare mai sauƙin siffa, ana samun ta ne da cire 1 daga ma'aunin aminci, sannan a ninka abin da ya rage da wata lamba da ke nuna tsananin karkatar gangaren. Ga gangare mai digiri 30, wannan lambar rabi ce. Saboda haka gangare mai digiri 30 da ma'aunin aminci 1.2 yana da fizgar iyaka ta 0.1 g.

Mataki na gaba shi ne a ɗauko zanen girgiza, wato layin da na'ura ta rubuta yayin wata girgiza ta gaske, mai nuna ƙarfin fizga a kowane ɗan yanki na sakan. A ja layin fizgar iyaka a kansa. Duk abin da ke ƙasa da layin a bar shi. Duk inda zanen ya haura layin, rarar ce ke ba ƙasar sauri. Daga saurin a fitar da nisan da ta yi kafin riƙo ya tsayar da ita. A tara dukan waɗannan ƴan zamewa, a samu jimilla. A yau kwamfuta na yin wannan cikin ƙasa da sakan.

Misali da alƙaluma

Ga gangaren nan mai digiri 30 da fizgar iyaka 0.1 g. A ce fizga guda mai 0.3 g ta zo ta yi rubu'in sakan, a kuma ɗauki g a matsayin 10 don sauƙin lissafi. Rarar da ke tura ƙasar ita ce 0.2 g. A ƙarshen rubu'in sakan, ƙasar na zamewa da saurin rabin mita a sakan, kuma ta riga ta yi kimanin santimita 6. Fizgar ta wuce, amma ƙasar ba ta tsaya nan take ba, kamar yadda mota ba ta tsayawa daidai inda aka taka birki. Birkinta shi ne 0.1 g ɗin nan, kuma yana buƙatar rabin sakan kafin ya tsayar da ita, lokacin da za ta ƙara kusan santimita 13. Jimilla: kimanin santimita 19 daga fizga guda, kashi biyu cikin uku kuma sun faru ne bayan fizgar ta wuce.

Yanzu a canza abu ɗaya. Idan an ƙarfafa gangaren har ma'aunin amincinsa ya kai 1.4, fizgar iyaka ta zama 0.2 g, wannan fizgar kuma ba za ta zamar da shi fiye da santimita 5 ba. Idan ya kai 1.6, ba zai motsa ba sam. Idan kuwa damina ta jiƙa shi har ma'aunin ya sauko zuwa 1.1, fizgar iyaka ta koma 0.05 g, zamewar kuma ta kai kimanin santimita 47. Gangare ɗaya, fizga ɗaya, amma tsakanin santimita 5 da santimita 47 akwai ninki kusan goma. Shi ya sa girgizar da ta zo bayan ruwan sama mai yawa ta fi haddasa zaftarewa a kan wadda ta zo da rani.

Daɗewar girgiza ma na da nata tasiri. Girgiza mai maki 5.5 na iya kawo fizga mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu ta lafa cikin ƴan sakanni. Mai maki 8 ko 9 takan yi minti ɗaya zuwa uku ko fiye, tana haura layin iyaka sau da dama. Domin haɗa ƙarfi da daɗewa cikin lamba ɗaya, injiniya ɗan ƙasar Chile, Arturo Arias, ya fito da wani ma'auni a 1970, wanda ke ɗauke da sunansa har yau.

Santimita nawa ne ya yi yawa?

Amsar ta dogara ga irin ƙasar da abin da aka gina a kanta. Dutse mai tsagewa ba ya jure motsi: santimita 2 kacal na iya raba shi da uwarsa ya faɗo. Ƙasa mai danƙo takan jure fiye da haka, kuma masu zana taswirar haɗari sun yi amfani da santimita 5 zuwa 10 a matsayin iyakar da gangare ke fara tsagewa ya rasa ƙarfi. Ƙa'idojin da jihar Kalifoniya ta fitar a 2008 sun kasa lamarin uku: ƙasa da santimita 15, da wuya a samu babbar ɓarna, tsakanin 15 da 100, sai an duba ko ƙasar za ta rasa ƙarfi ta ci gaba da zamewa, sama da 100, a ɗauka gangaren zai lalace.

Ga baraji na ƙasa, abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da saman baraji. Idan tazarar mita 3 ce, lissafi kuma ya nuna saman zai nutse da rabin mita, ruwa ba zai haura ba. A 1978, Faiz Makdisi da Harry Bolton Seed na jami'ar Berkeley suka faɗaɗa dabarar Newmark don baraji, saboda baraji mai tsayi yakan yi lilo, samansa ya fi gindinsa jin fizga. Injiniyoyin sojan Amurka, masu kula da ɗaruruwan baraji, sun ɗauki kimanin mita ɗaya a matsayin zamewar da barajin da aka gina da kyau zai iya jurewa. Barajin Zipingpu na ƙasar Sin, mai tsayin mita 156, yana kusa da cibiyar girgizar 2008. Samansa ya nutse da ƙasa da mita ɗaya, ya tsattsage, amma ya riƙe ruwansa.

Daga gangare ɗaya zuwa taswirar yanki

Ba kowane wuri ke da na'urar auna girgiza ba, kuma ba wanda ya san zanen girgizar da ba ta zo ba tukuna. Don haka masana suka tattara dubban zane-zanen girgiza daga ƙasashe da yawa, suka yi wa kowanne lissafin Newmark, suka fitar da gajerun ƙa'idoji. A 2007, Randall Jibson na USGS ya yi haka da zane fiye da dubu 2 daga girgiza 30. Da irin wannan ƙa'ida, injiniya na buƙatar fizgar iyaka ta gangarensa da ƙarfin girgizar da ake tsammani a yankin, sai ya samu ƙiyasin zamewa.

An gwada wannan hanya da girgizar Northridge ta 17 ga watan Janairu na 1994, mai maki 6.7, wadda ta haddasa zaftarewa fiye da dubu 11 a tsaunukan da ke kewaye da Los Anjelis. Jibson da abokan aikinsa suka yanka taswirar wani yanki zuwa ƴan murabba'ai masu mita 10, suka lissafa zamewar kowanne, suka kwatanta da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Inda lissafi ya ba da zamewa mai yawa, nan aka fi samun zaftarewa. Amma ko a wuraren da lissafin ya wuce santimita 15, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka zaftare a zahiri. Darasin shi ne lambar Newmark alama ce ta girman haɗari. Ba alkawari ba ne cewa wuri kaza zai motsa da santimita kaza. Ƙiyasi da abin da aka auna a fili kan bambanta da ninki biyu ko fiye, shi ya sa ƙwararru ke ba da amsa tsakanin lamba biyu, tare da yiwuwar wuce su.

A yau hukumar USGS kan wallafa a intanet taswirar wuraren da ake zaton ƙasa ta zaftare jim kaɗan bayan kowace babbar girgiza a duniya, domin masu ceto su san hanyoyin da wataƙila sun toshe. Taurarin ɗan Adam masu radar, irin su Sentinel-1 na Turai, na iya auna motsin ƙasa na ƴan santimita ta hanyar kwatanta hoton kafin girgiza da na bayanta.

Inda dabarar ke gazawa

Lissafin Newmark ya ginu ne a kan zaton cewa ƙarfin riƙon ƙasa ba ya canzawa yayin girgiza. Akwai ƙasar da wannan zato ba ya aiki a kanta ko kaɗan: yashi mai laushi, wanda ba a danne ba, kuma ya cika da ruwa. Idan aka girgiza shi, ƙwayoyinsa na neman matsewa, ruwan da ke tsakaninsu ba ya samun hanyar fita da sauri, sai matsin ruwan ya hau har ƙwayoyin su daina taɓa juna. Ƙasar ta koma kamar kunu.

Abin da ya faru ke nan da ƙaramar safiyar 9 ga watan Fabrairu na 1971 a barajin San Fernando na ƙasa, a arewacin Los Anjelis. An fara gina shi a 1912 ta hanyar kwararo yashi da laka cikin ruwa, ba tare da dannewa ba, tsayinsa kuma ya kai kimanin mita 43. Lissafin tsohuwar hanya, da fizga 0.15, ya ba shi ma'aunin aminci 1.3, wato ya ci jarrabawa a takarda. Girgiza mai maki 6.6 ta narkar da yashin da ke gindinsa, gefen da ke fuskantar ruwa ya zame cikin tabkin tare da saman barajin, tsayinsa ya ragu da kimanin mita 9. Binciken da aka yi daga baya ya nuna babbar zamewar ta fara ne ƴan sakanni bayan girgizar ta lafa. Abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin barajin bai wuce mita ɗaya da rabi ba. An yi sa'a a ranar tabkin bai cika ba. Hukumomi suka kwashe mutane kusan dubu 80 daga gidajensu na kwanaki, har aka rage ruwan.

Bayan wannan ne Kalifoniya ta sa aka sake duba barajinta irin wannan gini, aka kuma gina sabo a wurin da ƙasar da aka danne sosai. Girgizar 1994 ta same shi, ya fita da ƙananan tsagewa. Daga lokacin, ƙa'ida ta zama a fara tambayar ko ƙasar na iya narkewa; sai an tabbatar ba za ta narke ba ake shiga lissafin Newmark.

Akwai wasu gibin. Ƙololuwar tudu takan ninka fizga: a wannan girgiza ta 1971, na'urar da ke kan dutsen gefen barajin Pacoima ta auna 1.25 g. Doguwar girgiza kuma na iya raunana barajin da ba a danne ƙasarsa da kyau ba, kamar yadda aka gani a Fujinuma ta Japan ranar 11 ga watan Maris na 2011, inda ƙaramin baraji na ban-ruwa mai tsayin mita 18.5 ya ɓalle, ruwan ya kashe mutane 7, ɗaya ya ɓace. Sannan lissafin na faɗin yadda zamewa ke farawa ne kawai. Nisan da tarkace zai yi bayan ya ɓalle, kamar na Yungay, wani lissafi ne dabam.

Ina ruwan Nijar?

Nijar na nesa da wuraren da manyan farantan ɓawon duniya ke gogayya, don haka tana cikin ƙasashen da girgiza ba ta cika damu ba. Sai dai Afirka ta Yamma ba ta kuɓuta ɗungurungum ba. A ranar 22 ga watan Yuni na 1939 girgiza ta rusa gine-gine ta kashe mutane a birnin Akara na Gana. A ranar 22 ga watan Disamba na 1983, wata mai sama da maki 6 ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin Gaoual da Koumbia na arewa maso yammacin Gini, wurin da ba a lissafa shi cikin masu haɗari ba. A watan Satumba na 2018, mazauna unguwar Mpape a Abuja sun kwana da fargabar motsin ƙasa. Wannan ne ya sa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na manyan baraji ke neman a yi lissafin girgiza ko a yankin da ba a saba jin ta ba, domin ana gina baraji ne ya yi shekara ɗari ko fiye, da garuruwa a ƙasa da shi. Hakan ya shafi aiki irin na Kandaji a kan kogin Isa a jihar Tillaberi, wanda mafi yawan tsawonsa jibgin ƙasa ne, kamar yadda ya shafi ƙananan baraji irin na Mozage da Zango da ke shayar da gonakin ban-ruwa na Ƙonni.

Abin da ya fi kusa da rayuwar yau da kullum shi ne ɓangaren farko na lissafin. Gangaren da ma'aunin amincinsa ya sauko dab da 1 yana da fizgar iyaka kusan sifili, wato ba ya buƙatar girgizar ƙasa kafin ya zame. Nakiyar masu fasa dutse, ko wucewar babbar mota mai kaya, ko ruwan dare ɗaya ya isa. Haka lamarin yake a bakin ƙoramu da gulabe da ruwa ke ci ta ƙasa, da ramukan ɗibar yashi da laka, da gefen tsaunukan Adar inda ake haƙa gindin tudu don samun filin gini, da ramukan zinariya. A watan Nuwamba na 2021, ruftawar ramukan haƙar zinariya a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi ta kashe aƙalla mutum 18, ba tare da ƙasa ta girgiza ba.

Maganin da injiniyoyi ke amfani da shi iri ɗaya ne a Kalifoniya da Tawa, domin duk yana ɗaga ma'aunin aminci ne: a kwantar da gangare ya rage tsayuwa, a jibge duwatsu a gindinsa su tokare shi, a yi magudanan da za su fitar da ruwa daga cikinsa, a danne ƙasar baraji shimfiɗa bayan shimfiɗa, a bar isasshiyar tazara tsakanin ruwa da samansa, a kuma hana gini a gindin tudu mai tsagewa. Idan aka kawo wa ma'aikatar magajin gari ko majalisar gari takardun wani baraji ko hanyar da za ta ratsa tudu, akwai tambayoyi uku da kowane kansila zai iya yi ko bai karanta aikin injiniya ba: nawa ne ma'aunin amincin gangaren a tsakiyar damina, santimita nawa aka ƙiyasta zai zame idan aka yi girgiza, kuma gidaje nawa ne ke ƙasa da shi.